Gyaran birkin diram na Volkswagen Beetle da yadda ake saita shi

Birkin Beetle ba ya saita kansa. Motocin da suka biyo bayanta suna da ɗan ƙarfe a cikin diram (kaskon ƙarfen da ke juyawa tare da taya) da ke matso da shu (lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗauke da fatar birki) duk lokacin da fatar ta ci, ita kuwa sai mutum ya sa sukudireba ya matso da shi da hannunsa. Shi ya sa ake yawan ganin Beetle mai lafiyayyen inji amma sai feda ta kusa taɓa ƙasa kafin mota ta tsaya. Mai ita ya sayi sabon masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki zuwa tayoyi, a fitar da iska sau uku, matsala na nan, alhali tazara ce kawai ta yi yawa tsakanin fata da diram. Waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Ojo ta Legas tun daga 1975, da waɗanda aka shigo da su kafin nan, yawancinsu diram ne a tayoyi huɗu, kuma tsarin aikin ɗaya ne: a gyara ƙarafa tukuna, a saita shu, a fitar da iska, hambirki ya zo a ƙarshe. Wanda ya birkita wannan jeri zai yi aiki biyu.

Abin da feda ke faɗa kafin a kwance komai

Ka zauna a mota, inji a kashe, ka taka birki sau ɗaya. In feda ta tafi da nisa amma ta tsaya da tauri, kuma da ka taka sau biyu ko uku a jere sai ta hau sama, saiti ne ya yi nisa. In ta yi laushi tana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, akwai iska a layi, ko wani tiyon roba yana kumbura. In ka danne ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali, mai yana yoyo a wani wuri, in kuma babu jiƙa ko'ina to robobin cikin masta ne suka saki.

Motar da ke fizgar sitiyari gefe guda in an taka birki, a fara duba iskar tayoyin gaba. In iska daidai take, gefen da motar ke gujewa shi ne ba ya kamawa: ko fata ta sha mai, ko fistin ya cije, ko tiyo ya toshe. Feda mai bugun ƙafa lokacin tsayawa alama ce diram ya bar da'irarsa.

Kayan aiki

Ana buƙatar jak da sandunan tokare mota guda biyu aƙalla. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa ana jijjiga ta, kuma bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Sai soket mai lamba 36 da dogon hannu don notin baya, sifana 19 ta taya, 13 ta silindar taya (wadda ke tura shu su kama diram), 11 ta bututun mai, 7 ta kan nonon fitar da iska, 10 guda biyu na hambirki, da alanki mai lamba 6 na notin gaba. Sifanar bututu ta kasance irin mai zobe da tsaga, domin mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwoyin notin. A tanadi filaya, sukudireba mai faɗin baki, buroshin waya, sanfefa, giris mai jure zafi, sababbin fil masu tsaga guda biyu na notin baya, da lita ɗaya ta man birki DOT 3 ko DOT 4 a gwangwanin da ba a buɗe ba.

Shu da silinda ana sayensu na tayoyin gaba biyu ko na baya biyu tare, ko da gefe guda ne ya lalace. A tafi kasuwa da tsohon a hannu. A yawancin ƙira faɗin shu na gaba milimita 40 ne, na baya kuwa 30 ne a tsofaffin ƙira, 40 a na baya-bayan nan, kuma silindar gaba ta fi ta baya faɗin ciki: ta gaba milimita 22, ta baya 19 ko 17 gwargwadon shekara. In aka sa babbar silinda a baya, tayoyin baya za su riga na gaba kullewa, mota ta juya da kai a kan kwalta mai ruwa.

Cire diram na baya

Notin tsakiya na baya shi ne mafi tauri a jikin motar gaba ɗaya, don haka a sassauta shi mota tana ƙasa. A cire murfin taya, a miƙe ƙafafun fil a zare shi, a sa giya, a ja hambirki, a tokare tayoyi gaba da baya, sannan a ɗora soket 36 da hannu mai tsawon mita ɗaya ko fiye. Dukkan gefen biyu na baya hagu ake juyawa a kwance. Kada a sa kurfi da guduma a kusurwar noti, domin bugun yana sauka ne a kan boris. Da ya motsa, a sassauta notocin taya, a ɗaga mota, a tokare ta, a saki hambirki.

In diram ya ƙi fitowa, kusan kullum gaɓar da ta taso a bakinsa ce ta riƙe shu. Kowace taya tana da ajasta biyu, wato noti mai haƙora a zagaye da ake turawa da bakin sukudireba. A wasu ƙirar ramin kaiwa gare su yana fuskar diram, sai a juya taya har ramin ya zo kansu. A wasu kuma ramukan suna farantin baya, wato ƙarfen da shu da silinda ke zaune a kansa, an toshe su da roba. A mayar da ajasta biyun baya har ƙarshe, a ɗan bubbuga gefen diram da guduma ta roba, zai zamo. Tura ƙarfe tsakanin diram da faranti ana banƙarawa yana lanƙwasa farantin, daga nan shu ba zai ƙara zama daidai ba.

Cire diram na gaba

A gaba diram da gidan boris abu ɗaya ne. A gefen hagu kebur ɗin mitar gudu yana ratsa murfin giris, an riƙe shi da ɗan kilif, sai an cire shi murfin zai fita. Notin wannan gefen haƙoransa a juye suke: dama ake juyawa a kwance shi. An lalata sanduna da yawa saboda rashin sanin wannan. A sassauta ɗan kusan alanki da ke matse notin, a kwance, a tari wosha da boris na waje kada su faɗi cikin ƙasa, a ajiye su a tsumma mai tsabta.

Da diram ya fita, a ɗauki hoto da waya kafin a taɓa sifirin ko ɗaya, kuma a gama gefe guda kafin a kwance ɗayan, don a sami abin dubawa.

Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da iskar kwamfiresa, ba a kuma hura ta da baki. Tsofaffin fatun birki da asbestos aka yi su, zarensa yana maƙalewa a huhu ya jawo cuta bayan shekaru masu yawa, kuma babu mai iya gane irin fatar da ido. A jiƙa wurin da maganin wanke birki na feshi ko ruwa, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda a yar.

Abin da za a duba

Fata sabuwa kaurinta wajen milimita 4 ne. In ta sauko 2.5 a wurin da ya fi sirantaka, ko ta kusa kai kan ƙusoshin da suka riƙe ta, ko ta fara ɓanɓarowa daga ƙarfen, ta gama aiki. Fatar da ta sha mai ma ta gama, komai kaurinta. Wanke ta da fetur ko ƙona ta da wuta saman kawai yake busarwa, da diram ya ɗauki zafi man da ke ciki zai sake tsattsafowa, birki ya riƙa fizga ko ya ƙi kamawa.

Sai a gano man daga ina yake, in ba haka ba sabuwar fatar ma za ta sha. A ɗaga bakin robar ƙura ta kowane gefen silinda. In akwai jiƙa a ciki, silindar ta tafi. A tura fistin biyun da yatsa, su shiga su dawo ba tare da cijewa ba. Canza robobi kaɗai yana yi ne in cikin silindar sumul yake, amma in tsatsa ta yi masa ramuka, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba, gara sabuwar silinda. A baya akwai hanya ta biyu: man giya mai kauri da warin ƙibiritu, wanda ke biyo sandar taya in sil, wato zoben robar da ke tare mai, ya mutu. Maganinsa cire murfin boris mai kusoshi huɗu, a sa sabon sil da zobban roba biyu da gasket, a buɗe ɗan ramin da ke zubar da mai waje in datti ya toshe shi, sannan a duba man giyabos a cika.

Diram sabo faɗin cikinsa milimita 230 ne, iyakarsa 231.5. Na gaban ƙirar 1302 da 1303 ya fi girma, 248 ne. A auna a wurare biyu da suka gitta juna. In bambancin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, shi ne bugun da ake ji a feda. Ƙananan layuka sanfefa ta isa. Masu zurfi sai injin tona ƙarfe, a yi wa na hagu da na dama awo ɗaya, kada a wuce 231 a diram mai faɗin 230. Diram da ya tsage ko ya wuce iyaka ba ya gyaruwa: siririn diram yana saurin zafi, ya buɗe, feda ta nutse a tsakiyar gangara. A na baya a duba haƙoran tsakiya da ke kama sanda. In sun yi kaifi ko sun kwanta, an daɗe ana yawo da noti a sake, kuma ranar da suka ƙarasa cinyewa inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi.

Tiyo huɗu na roba suna ruɓewa ne daga ciki, waje yana kyau. Cikin yakan kumbura ya bar mai ya wuce in an taka, ya hana shi komawa in an saki, sai taya guda ta riƙe tana zafi. Gwajin mai sauƙi ne: in taya ta riƙe, a buɗe nonon iska, in mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, tiyon ne. Wanda ba a san shekarunsa ba a canza shi. A kuma ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gefen direba, domin bututun ƙarfe da ke kai mai baya ta cikin mota ya bi, kusa da feda, inda ruwan damina ke kwanciya. Nan yake tsatsa ba wanda ya gani.

Haɗawa

A zare ajasta biyun daga gidansu, a raba noti da kusan da ke cikinsa, a wanke haƙoran da buroshin waya har su riƙa juyawa da yatsa biyu, a shafa giris kaɗan. Wannan ɗan aikin shi ke raba birkin da zai saitu da wanda ba zai saitu ba, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwai ɗan falle na ƙarfe da ke danne haƙoran, shi ke ba da ƙarar ƙas-ƙas in ana juyawa. In ya karye, ajasta zai riƙa komawa baya da girgizar hanya, saiti ya lalace cikin mako guda. A mayar da su a ɗaure har ƙarshe. Tsagar da ke kan kusan, inda gindin shu ke zama, a karkace take a yawancin ƙira, a juya ta ta dace da karkacewar gindin shu. In ta zauna a juye, gefe ɗaya na fata ne kawai zai taɓa diram.

Wuraren da gefen shu ke gogar faranti a goge su, a ɗiga giris kamar ƙwayar gero a kowanne. Fiye da haka zai narke ya kai ga fata. A baya, a cire hannun hambirki daga tsohon shu a mayar a sabo da sabon kilif, a maƙala kebur, a zaunar da sandar da ke tsakanin shu biyu a tsagoginta. A gaba, sifirin mai kauri yana gefen silinda. Sifirin da ya miƙe ko ya yi tsatsa a canza shi, don shi kaɗai ke janye shu daga diram. A sa fil da sifirin da ke danne kowane shu a faranti, a juya hular ta zauna a gicciye sosai. Kafin a rufe, a goge cikin diram da maganin wanke birki, musamman sabo, wanda ake shafa wa mai don kada ya yi tsatsa a shago.

A gaba, a wanke boris a cusa masa sabon giris, a canza sil na ciki. A ɗaure noti ana juya diram har boris ya zauna, sannan a sassauta kaɗan har woshar ta riƙa ɗan motsawa in an tura ta da bakin sukudireba. Wasan da ake so tsakanin 0.03 da 0.12 na milimita ne, abin da hannu zai ji da ƙyar. Sai a matse kusan alanki. Boris mai sako-sako yana sa diram ya yi lilo, ba za a taɓa samun saiti mai kyau a kansa ba.

Notin baya ana ɗaure shi mota tana ƙasa, da ƙarfin Nm 300 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), ƙirar baya-bayan nan har 350. In babu sifanar awo, lissafi yana yi: mutum mai kilo 70 ya tsaya da dukkan nauyinsa, ba tsalle, a santimita 45 daga tsakiyar noti a kan hannu da ke kwance, ya ba da wajen 300, a santimita 50 ya kusa 350. In ramin fil bai daidaita ba a ƙara ɗaurewa zuwa rami na gaba, ba a komawa baya. A sa sabon fil.

Saita shu

Diram ya kasance da sanyi, hambirki a sake gaba ɗaya. In ana shakkar an taɓa ɗaure kebur ɗinsa don ɓoye nisan feda, a sassauta notocinsa tukuna, in ba haka ba shu na baya ba za su zauna a kan ajasta ba. A taka feda da ƙarfi sau uku ko huɗu don shu su zauna a tsakiya.

Kowane ajasta shu ɗaya yake turawa, kuma biyun da ke taya ɗaya ba gefe guda ake juya su ba. Maimakon haddace wane sama wane ƙasa, a riƙa juya taya da hannu ɗaya ana tura haƙori da ɗayan: in bayan ƙas biyar ko shida ba a ji canji ba kuma ajasta ya tsaya cak, an koma baya ne, a juya akasin haka. A ci gaba har taya ta ƙi juyuwa da hannu. A sake taka feda, a gwada. Sau da yawa za ta ɗan saki, sai a ƙara. Sannan a mayar baya ƙas uku ko huɗu, har taya ta juya ba nauyi. Ɗan sautin shafa a wuri ɗaya ba laifi ba ne, musamman da sabuwar fata. Nauyi a hannu shi ne laifi. A gama shu ɗaya kafin a taɓa na biyu, a yi haka sau takwas a mota, kuma yawan ƙas da aka mayar a hagu shi za a mayar a dama. A maida robobin toshe ramuka, su ke hana yashi da ruwa shiga.

Tayar baya ta fi ta gaba nauyin juyawa saboda giyabos, don haka a ji nauyinta kafin a fara, a san inda za a komo.

Fitar da iska

In ba a buɗe layin mai ba kuma feda ta hau ta yi tauri bayan saiti, babu iskar da za a fitar. In an canza silinda ko tiyo, ko man ya wuce shekara biyu, sai an yi. Man birki yana shan danshin iska, ruwan ya sa fistin tsatsa, ya kuma tafasa in birki ya yi zafi. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a hanya, da man inji, da man giya, duk suna kashe birki: na farko tsatsa da tafasa, sauran biyun suna kumbura kowace roba a layin. In an taɓa zuba ɗayansu, wanke layi da canza robobi duka ne magani. Fetur da kalanzir ma kada su taɓa robar birki, da man birki ake wanke ta.

Mutum biyu ake so. A cika tankin mai da ke ƙarƙashin bonet na gaba, a sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan nono, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka a hankali ya riƙe, na waje ya buɗe rabin juyi, feda ta sauka, ya rufe, sannan na ciki ya saki. Sakin feda kafin a rufe yana zuƙo iska. A maimaita har mai ya fito garau babu kumfa. A masta mai layi ɗaya a fara da baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A mai layi biyu, wanda ya fara zuwa a 1967, a fara da na gaba. A duba tanki bayan kowace taya, in ya ƙafe an koma farko. Da tsohon masta kada a kai feda har ƙasa, domin roba za ta bi ta wurin da tsatsa ta taru ta yage. A sa ɗan katako a ƙarƙashin feda.

A taɓa feda da hannu: ta yi wasan milimita 5 zuwa 7 kafin a ji sanda ta taɓa fistin masta. In babu wannan wasa, roba tana rufe ɗan ramin da mai ke komawa tanki, sai bayan 'yan kilomita tayoyi huɗu su riƙe, fitilar birki ta ƙi mutuwa.

Hambirki da gwaji

Notocin hambirki suna gindin hannunsa, ƙarƙashin rigar roba, biyu a kan kowane kebur. Tayoyin baya a sama, a ja hannu ƙas uku, a ɗaure kebur biyun bi da bi har kowace taya ta riƙa juyuwa da ƙyar, nauyinsu ɗaya, ɗan ƙarfen da ke haɗa su kuma yana kwance daidai. A ƙas na huɗu su kulle. A saki hannu a tabbata sun juya sakayau, sannan a matse noti na biyu a kan na farko. Kebur da ya miƙe har haƙoransa suka ƙare, ko yake cijewa a cikin rigarsa, sauyawa ake yi.

A sauke mota, a ɗaure tayoyi a gicciye: Nm 100 ga mai noti biyar, 130 ga mai huɗu. A taka feda a tsaye a tabbata da taurinta kafin a motsa. A nemi hanya marar mutane, a fara da tafiyar ƙafa, sannan a yi tsayawa kamar goma daga gudun kilomita 50 zuwa 10 da matsakaicin ƙarfi, ana barin tazara diram ya huce. Taka mai tsanani a ranar farko yana ƙona fuskar fata ta yi santsi. A tsaya a kai bayan hannu kusa da kowane diram ba tare da taɓawa ba: na hagu da na dama su yi ɗumi ɗaya. Wanda ya fi zafi a mayar masa da ƙas ɗaya, wanda ya yi sanyi ƙalau bai kama ba. A leƙa bayan kowane faranti da mahaɗar kowane tiyo a nemi jiƙa.

Sabuwar fata tana cin tudunta da sauri kafin ta kwanta a jikin diram, don haka feda za ta sauka cikin kilomita 200 zuwa 300 na farko. A sake saita shu takwas ɗin a lokacin, a sake duba hambirki bayansu, daga nan kuma a riƙa yi duk lokacin canjin man inji, wajen kowane kilomita 5,000, ko da zarar feda ta kai rabin tafiyarta kafin birki ya kama.